Gwajin kaifin lensin babbar kyamara: a kan sensa ko a kan fim?

Tun shekarar 2006 kamfanin Nikon ya daina ƙera lensoshin manyan kyamarori, irin masu zugazugin nan da mai hoto ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle kafin ya ɗauka. Sauran ukun da suka riƙe kasuwar tare da shi, wato Schneider da Rodenstock na Jamus da Fuji na Japan, su ma daga baya wani ya janye, wani ya mayar da hankali kan na dijital. Don haka mai neman lensin 4x5 ko 8x10 (girman fallen fim ke nan a inci) a yau kusan dole na hannu zai saya, mai shekara ashirin ko arba'in a duniya, yawanci daga Japan ko Turai ko Amurka, kuma ba zai taɓa shi ba sai ranar da ya iso. Kaya ya iso, wa'adin mayarwa ya fara tafiya, sai tambaya ta taso: a ɗaura masa kyamarar dijital a baya a ga sakamako nan take, ko a ɗauki 'yan fallayen fim, a wanke, a duba?

Hanyoyin nan biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Sensa, wato farantin da ke kama haske a cikin kyamarar dijital, tana gaya maka ko wannan lensin da ke hannunka lafiyarsa ƙalau. Fim yana gaya maka ko hoton da za ka rataya a bango zai fito yadda kake so. Wanda ya haɗa tambayoyin wuri guda, ko dai ya mayar da lensi mai kyau yana zaginsa, ko ya riƙe mai rauni yana yabonsa.

Ma'aunin da ake amfani da shi tagwayen layi ne: baƙin layi ɗaya da fari ɗaya a gefensa, sai a ƙirga tagwaye nawa ake iya rarrabewa a cikin milimita guda. Sensar Fujifilm GFX 100 da ta Sony A7R IV da ta Phase One IQ4 150 duk girman ɗigonsu ɗaya ne, maikiron 3.76, kuma maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Tunda tagwaye ɗaya na buƙatar ɗigo biyu, iyakar abin da waɗannan sensoshi za su iya rubutawa shi ne tagwaye 133 a milimita. Fim ɗin Kodak T-Max 100, bisa takardar kamfanin, yana kai 200 idan layukan baƙi wuluk ne a kan fari fat, amma ya faɗo zuwa 63 idan bambancin hasken kaɗan ne, irin wanda ake samu a jikin bango ko ganyen bishiya. Velvia 50 na Fuji kuma 160 da 80. A takarda ke nan sai ka ce fim da sensa ba su da nisa da juna. A aikace nisan yana da yawa, kuma ba daga nan ya taso ba.

Ya taso ne daga yawan faɗaɗawa. Fallen 4x5 wurin hotonsa kusan milimita 96 ne da 120. Idan za a buga shi a takarda mai inci 16 da 20, sau huɗu da ɗan ɗoriya kawai za a faɗaɗa shi. Idon mutum mai lafiya, a nisan karatu, yana rarrabe tagwaye 5 zuwa 8 a milimita a jikin takarda. Lissafi ya nuna tagwaye 21 zuwa 34 a jikin fim sun wadatar, hoton ya fito tangaran. Sensar GFX kuwa milimita 43.8 ce da 32.9, sai an faɗaɗa ta kusan sau 12 kafin ta cika wannan takardar, wato tana neman tagwaye 60 zuwa 96 daga lensin. Lensi ɗaya, takarda ɗaya, amma an ninka masa aiki sau uku.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ɓata sunan lensoshi masu kyau shi ne zuƙo hoto ɗari bisa ɗari a allon kwamfuta. Allo na gama-gari ɗigonsa kusan rubu'in milimita ne. Ɗigon sensa mai maikiron 3.76 idan ya cika ɗigon allo, an faɗaɗa shi sau sittin da wani abu. Da fallen 4x5 aka yi wa haka, da hoton ya kai kusan mita takwas a faɗi, kai kuma kana tsaye hancinka na kusan taɓa shi. Babu wanda ya ƙera lensoshi irin Symmar-S na Schneider ko Nikkor-W na Nikon da wannan niyyar. Idan ka ga dishi-dishi a nan, ba aibi ka gano ba tukuna.

Bazuwar haske, alƙalin da ba ya karɓar roƙo

Haske idan ya ratsa ƙaramar ƙofa yana bazuwa, kuma babu gilashin da zai hana shi, komai tsadarsa. Girman ƙofar lensi da lambar f ake faɗinsa, kuma lambar na ƙaruwa ƙofar na tsukewa. Da koren haske, wanda ido ya fi gani, iyakar ƙarshe a f/8 tagwaye 227 ce, a f/11 165, a f/16 114, a f/22 83, a f/32 57, a f/45 40, a f/64 kuma 28. Waɗannan lambobin wurin da layuka ke narkewa su zama toka-toka ne gaba ɗaya. Tun kafin a kai nan bambancin fari da baƙi ya riga ya raunana: a f/22 yana sauka zuwa rabi tun a wajen tagwaye 33.

To, f/22 ita ce ƙofar aiki a 4x5. A kanta kamfanonin suke faɗin girman da'irar hoton lensoshinsu, wato faɗin zagayen hoton da lensi ke jefawa a bayansa, kuma a kanta ko f/32 yawancin masu ɗaukar daji da gine-gine suke tsayawa, don zurfin saiti, wato na kusa da na nesa su fito da kaifi tare. A wannan ƙofar ɗigon haske guda ɗaya tak yana bazuwa ya zama tabo mai faɗin kusan maikiron 30, wato ya hau kan ɗigon sensa takwas a jere. Idan ka gwada lensoshi biyar masu lafiya a tsakiyar sensa a f/22, kusan abu ɗaya za ka gani, domin ba gilashin kake aunawa ba, ƙofar kake aunawa. Idan kuma ka buɗe zuwa f/5.6 ko f/8 don bambanci ya fito, zai fito, amma a ƙofar da mai fim ba ya ɗaukar hoto da ita sai dai yin saiti. Wannan shi ne babban tarkon gwajin dijital: yana nuna bambanci ƙarara a inda ba ka aiki, ya yi shiru a inda kake aiki.

A 1932 wasu masu hoto a San Francisco, cikinsu har da Ansel Adams da Edward Weston da Imogen Cunningham, sun kafa ƙungiya suka sa mata suna f/64. A wannan ƙofar lensi ba ya wuce tagwaye 28, lambar da mai gwajin dijital zai gani ya yi tsaki. Amma Weston fallen 8x10 yake ɗorawa kai tsaye a kan takarda ba faɗaɗawa, don haka 28 ɗin ta ninka abin da ido ke iya gani sau uku. Haka Seydou Keïta yake yi a Bamako da fallayensa masu santimita 13 da 18, kuma da aka zo aka faɗaɗa su a shekarun 1990 don baje koli a Turai, zanen atamfa da ɗinkin riga suka fito dalla-dalla. Girman fallen ne ya ɗauki nauyin.

Tsakiya kawai sensa take gani

Apo-Sironar-S mai milimita 150 da'irar hotonsa milimita 231 ce a f/22. Nikkor-W 150 kuma 210, Super-Angulon 90 mai f/8 216, Nikkor-SW 90 mai f/8 235. Sensar GFX daga kusurwa zuwa kusurwa milimita 55 ce, ta Sony 43. A faɗin fili, GFX kashi ɗaya cikin takwas ce na fallen 4x5, Sony kashi ɗaya cikin goma sha uku. Kamar a miƙo maka turmin atamfa ne ka duba faɗin tafin hannu a tsakiyarsa, ka yanke hukunci a kan har bakin zanen.

Wannan yana iya juya sakamako ƙasa ta koma sama. Ɗauki ƙirar Tessar, wadda Paul Rudolph ya fitar a kamfanin Zeiss a 1902, mai gilashi huɗu. Xenar na Schneider daga zuriyarta yake. Tsakiyarta kaifi gare ta ƙwarai, gefenta ne ke saki da wuri. Xenar 135 da ƙyar yake rufe 4x5, da ka ɗaga gaban kyamara kaɗan sai kusurwoyi su lalace. Lensoshi masu gilashi shida irin Symmar da Sironar da Nikkor-W da Fujinon-W kuwa an yi su ne don su raba kaifin daidai har nesa da tsakiya. A kan ƙaramar sensa, tsohon Xenar mai araha zai iya yin kunnen doki da su, wani lokaci har ya ɗan wuce. A kan falle, ka ɗaga lensi santimita uku don ka kamo saman hasumiya, nan za ka ga inda kuɗin ya tafi.

Za a ce ai sai a gusa da sensar zuwa gefe. Gaskiya ne, akwai adafta masu zamewa da ake ɗaurawa a bayan babbar kyamara mai maƙalar Graflok, akwai kuma kyamarori irin Cambo Actus da aka yi don haka. Amma kusurwar 4x5 tana nisan milimita 77 daga tsakiya, kuma sensa ba a fili take ba, a cikin rami take. A kyamarorin Fujifilm GFX zurfin ramin milimita 26.7 ne, a na Sony 18. Hasken da ke zuwa a karkace yana cin karo da bakin ramin kafin ya isa. Da lensi mai milimita 210, wanda haskensa ke isa kusurwa a karkacen digiri 20, ana iya lallaɓawa. Da 150 digiri 27 ne, an fara wahala. Da 90 an haura digiri 40, sai inuwa ta cinye rabin hoton. Sau da yawa ma kaurin adaftar ba zai bar lensin 90 ko 75 ya matso ya kama nesa ba sam.

Ko da hasken ya isa, akwai gilashin da ke rufe sensar, mai tace hasken da ido ba ya gani. Hasken da ya faɗo a miƙe ba ya damuwa da shi sosai. Wanda ya zo a karkace kuwa sai ya lanƙwashe shi ta yadda layukan tsaye da na kwance ba za su haɗu a saiti ɗaya ba. Ƙananan gilasan da ke kan kowane ɗigo su ma an jera su ne don haske mai zuwa kusan a miƙe, shi ya sa gefen hoto ke rinewa, nan shunayya can kore. Rodenstock da ya zo ƙera jerin lensoshinsa na dijital, HR Digaron, sai da ya sa wannan gilashin murfin a cikin lissafinsa. Grandagon da Super-Angulon ba su san da shi ba, fim aka yi musu, kuma fim bai damu da ta ina haske ya zo ba. Saboda haka idan ka ga gefen Super-Angulon ya jagule a kan sensa, ba ka da hanyar sanin nawa ne laifin lensin, nawa ne na sensar. A ganina, gwada gefen lensi mai faɗin gani a kan dijital don a yanke masa hukuncin fim ɓata lokaci ne kawai.

Duk da haka ba zan taɓa ce wa mutum ya bar gwajin dijital ba, domin akwai abubuwan da yake kamawa cikin rabin sa'a waɗanda fim zai cinye maka kwali guda kafin ya nuna.

Lensin babbar kyamara gida biyu ne, na gaba da na baya, kowanne an murɗa shi a jikin shata, wato na'urar da ke buɗewa ta rufe don haske ya shiga, yawanci Copal mai lamba 0 ko 1 ko 3. Tazarar da ke tsakaninsu an auna ta a masana'anta, wasu har da siririn zoben ƙarfe da aka sa don cike gurbi. Shekaru sun wuce, shata ta lalace an canja wata, zoben ya faɗi ba wanda ya lura, ko lensin ya taɓa faɗuwa bakinsa ya ɗan lotse, ko wani ya haɗa gidan gaba na wannan da gidan baya na wancan. Daga waje ba ka ganin komai. A kan sensa kuwa, ka nufi ƙaramin haske mai nisa da dare, ka buɗe ƙofa duka, ka zuƙo. Lafiyayyen lensi zai ba ka ɗigo zagayayye, idan ka ɗan kauce daga saiti gaba ko baya ya zama zobe mai kyau. Wanda gilashinsa ya goce zai ba ka ɗigo mai wutsiya gefe guda tun a tsakiyar hoto. Ka juya allon lensin a jikin kyamara, in wutsiyar ta bi shi ta juya, magana ta ƙare, a mayar da kaya. Hazon da ke kwanciya a cikin gilashi shi ma nan take yake bayyana, baƙi ya koma toka-toka idan akwai taga ko fitila kusa da gefen hoto. Fararen ɗigogin da ke fitowa a bakin gilasan Schneider, inda baƙin fenti ya saki, suna tsorata sabon shiga, amma gwaji zai nuna maka yawanci ba sa taɓa hoto.

Sai gocewar saiti. Wasu lensoshi, tsohon Dagor ya yi suna a kan haka, idan ka yi saiti ƙofa a buɗe sannan ka tsuke, wurin saitin sai ya matsa. A gilashin saiti, wanda mai hoto ke dubawa a bayan kyamara, a f/22 duhu ya yi yawa, ido ba ya iya bi. Sensa tana ƙara haske ta nuna maka ƙarara. Wannan ilimi ne da za ka ɗauka ka kai wa fim kai tsaye, babu ragi.

Kuma gwajin yana maimaituwa. Ka buga takarda mai baƙin murabba'i a ɗan karkace, irin tsarin ISO 12233, ka ba manhajar MTF Mapper, wadda kyauta ce, ko Imatest ta kuɗi, su ba ka lamba. Gobe ka sake, lambar ta dawo kusan yadda take. Sharaɗi shi ne a yi aiki da ɗanyen fayil, a kashe duk wani ƙarin kaifi da manhaja ke sawa da kanta, a yi amfani da shatar lantarki don kada girgiza ta shiga. In kana da kwafi biyu na lensi iri ɗaya kana son ka riƙe ɗaya, babu abin da ya kai wannan hanya.

Fim: gaskiya duka, amma a cakuɗe

Fim yana ganin da'irar gaba ɗaya, a ƙofar aikinka, da ɗagawa da karkatarwar da ka saba yi. Matsalarsa ita ce tsakanin lensi da idonka akwai hannaye da yawa, kowanne yana ɗan yagar rabonsa, a ƙarshe kuma lensin ake kamawa da laifi.

Na farko gidan fim, wato akwatin da ake zura falle a ciki a sa a bayan kyamara. Ƙa'idar Amurka ta ce zurfinsa a 4x5 inci 0.197 ne, an yarda ya kauce da 0.007 sama ko ƙasa, wato kusan milimita 0.18. Gilashin saiti dole ya zauna daidai wannan zurfin, kuma a tsofaffin kyamarori sau da yawa wani ya taɓa cire shi ya mayar ba daidai ba, ko ya sa gilashin ƙara haske a gefen da bai kamata ba. Lissafin mai sauƙi ne: a raba kuskuren da lambar ƙofa. Kuskuren 0.18 a f/5.6 yana ba da tabo mai maikiron 32, wanda ya isa ya sa lensi mai kyau ya zama abin tausayi. A f/22 tabon maikiron 8 ne, ya ɓace a cikin bazuwar haske. Abin da wannan ke nufi shi ne gwajin fim a buɗaɗɗiyar ƙofa rabinsa gwajin gidan fim ne, a f/22 kuwa ana iya dogara da shi. Fallen ma ba ya kwanciya lif kullum. Ka fito da shi daga ɗaki mai sanyi zuwa zafin rana, ko daga bushewa zuwa laima, zai iya ɗan bankarewa ana cikin ɗauka.

Na biyu wanki. Ma'aunin da aka saba digiri 20 ne, kuma wanda ke Kano ko Zinder a watan Afrilu ya san ruwan famfo ya yi nisa da nan, sai da ƙanƙara. Ruwa mai zafi yana sa wanki ya zarce, tsakin fim ya yi kauri, sai ka kwatanta fallen yau da na makon jiya ka zaci lensi ne ya canja. Fallayen gwaji a wanke su tare, a ruwa ɗaya, lokaci ɗaya.

Na uku, kuma mafi cin amana, sikana. Epson V700 da V850 an rubuta musu ɗigo 6400 a inci, amma masu aunawa sun daɗe suna samun abin da bai wuce 2300 zuwa 2400 ba, wato tagwaye 45 zuwa 47 a milimita. Sikanar Flextight tana ɗaukar 4x5 a 2040, ko da yake nata ya fi tsabta. Lensi mai ba da 70 da mai ba da 55, in ka bi da su ta Epson, kusan ɗaya za ka gan su. Wanda yake son ya san abin da ke jikin nagatif sai ya duba shi kai tsaye, da madubin ƙara girma mai ƙarfi, sau 20 zuwa sama, ko maikiroskof. Haka Christopher Perez da Kerry Thalmann suka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1990, da T-Max 100 da allon gwajin USAF 1951, suka jera sakamakon lensoshi masu yawa wanda har yau ake komawa gare shi. Abin lura a jerin nasu shi ne yadda lensoshin zamani na kamfanonin huɗu suke cunkushewa kusa da juna da zarar an kai f/22. Wanda ba shi da maikiroskof amma yana da kyamarar dijital da lensin kusa, ya ɗora nagatif a kan haske ya ɗauki ƙananan wurare biyar, tsakiya da kusurwoyi huɗu. A nan dijital ta zama madubi kawai, kuma aikin ya dace da ita.

Amma a juya maganar sikanar. Idan Epson ɗin ce hanyar da duk hotunanka za su bi har abada, to abin da ta nuna shi ne gaskiyarka. Falle ɗaya a 2400 yana ba da ɗigo sama da miliyan 100, kuma bambancin da ba ta iya gani ba zai taɓa isa takardarka ba. Biyan ninki biyu don Apo-Sironar-S a kan Sironar-N saboda kaifi kaɗai, a irin wannan hali, kuɗi ne aka zubar. In don ƙarin da'ira ne, 231 maimakon 214, wannan hujja ce ta daban kuma mai ƙarfi.

Kafin ka ƙona falle a kan allon layuka, ƙona ɗaya a kan ruler. Ka jingina ta a karkace tana nisa da kai, ka yi saiti a kan lamba ɗaya da madubi, ƙofa a buɗe duka, ka ɗauka. In nagatif ya nuna kaifin ya faɗa a wata lambar, gilashin saitinka ko gidan fim ɗinka ne ke da magana, kuma duk gwajin da za ka yi kafin ka gyara wannan shirme ne. Bayan nan fallaye uku sun isa: ɗaya a f/16, ɗaya a f/22, ɗaya a f/22 da lensi a ɗage har iyakar da kake zuwa a aiki.

Nisan abin da ake ɗauka shi ma yana da tasiri, a fim ko a sensa. Sironar-N an daidaita shi ne a kan ragin 1:20, wato hoton a jikin fim ya zama kashi ɗaya cikin ashirin na girman abin, Apo-Sironar-S a 1:10, G-Claron da Apo-Ronar kuwa a 1:1 domin aikin kwafi aka yi su, sai an tsuke su suke kama nesa da kyau. Allon gwaji a bangon ɗaki, mita biyu daga kyamara, zai fifita wasu ya zalunci wasu. Idan nesa kake ɗauka, nesa za ka gwada. Sai dai a ƙasarmu nesa tana da nata sharri: daga hantsi iska mai zafi ke tashi daga ƙasa tana kaɗa hoto, a hunturu kuma ƙura ta shafe bambancin fari da baƙi tun daga mita ɗari biyu. Da sassafe bayan an yi ruwa, shi ne lokacin. Sensa ta fi fim jin wannan rawar iskar, don ta fi shi zuƙowa, amma tana da dama guda, ka ɗauki goma ka zaɓi wanda iska ta lafa.

To wa zai ɗauki wanne?

Mai niyyar ɗaura GFX ko Phase One a bayan lensin ya yi aiki da shi haka, fim ba shi da abin da zai gaya masa. Ya gwada a kan sensar tasa, a f/8 da f/11, domin nan ne zai zauna, f/22 ta riga ta cinye masa ribar ɗigoginsa. Ya sa rai lensoshin 120 zuwa 210 masu gilashi shida na ƙarshen zamanin fim za su ba shi mamaki, masu faɗin gani kuma za su ba shi haushi. Idan aikinsa na 90 zuwa ƙasa ne, ya tara kuɗi ya nemi Apo-Digitar ko Digaron, waɗanda aka ƙera don dijital, kada ya wahalar da kansa.

Mai fim kuma da yake da kyamarar dijital a gida, ya fara da ita a daren da kaya ya iso, amma tambaya uku kawai zai yi mata: gilashi ya goce, akwai hazo, saiti yana matsawa? Kada ya tambaye ta ko lensin yana da kaifi, kada kuma ya tambaye ta labarin kusurwoyi. Idan ta wanke shi daga ukun nan, sai fallaye huɗun su biyo baya. Fim a nan sai an yi odarsa daga waje, kwalin Ilford mai falle 25 ba abin wasa ba ne, don haka tace lensi da sensa kafin a taɓa kwalin tattali ne na gaske.

Wanda ba shi da adafta, kada ya saya don gwaji kaɗai. Kuɗinta ya fi na fallaye huɗu, kuma gocewar gilashi mai tsanani ana iya hango ta a gilashin saiti da madubi mai kyau da ƙaramin haske a duhu. Mai 8x10 da ke ɗora nagatif kai tsaye a takarda kuwa, shi kaifi ba ya cikin damuwarsa. Falle ɗaya ya ishe shi, ya ga ko da'irar ta rufe kusurwoyi, sauran lokacin ya kashe shi wajen sauraren shata: ya sa ta a daƙiƙa ɗaya ya ji ko tana tafiya sumul ko tana jan ƙafa, domin tsohuwar Copal da maiƙonta ya daskare ta fi lalata hotuna a kan bambancin tagwaye goma tsakanin Schneider da Nikon, kuma mai gyaranta ya fi mai sayar da lensi wuyar samu.